Darasi na Bakwai: Gano Matsalar Na'urar Sanyaya Ɗaki

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. faɗar manyan sassan na'urar sanyaya ɗaki da aikin kowanne;
2. bin matakai bi-da-bi don gano abin da ya hana na'ura tashi ko ba da sanyi;
3. bambance gyaran da zai yi da hannunsa da wanda sai an kira mai gyara;
4. auna sanyin na'ura, da lissafa ko janareta zai ɗauke ta;
5. kare kansa da iyalinsa daga haɗarin lantarki, gas da hayaƙi.

GABATARWA

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato, Maiduguri, Kano da Yamai yakan kai digiri 40, wani lokaci ma ya wuce. A wannan lokaci ne iyakwandishan, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya fi ba mutane matsala, kuma a lokacin ne mai gyara ke wuyar samu. Amma ba kowace matsala ce lalacewa ba. Sau da yawa ƙura ce ta toshe hanyar iska, ko wuta ce ba ta da ƙarfi, ko kuwa yaro ne ya taɓa rimot. Ƙa'idar wannan darasi guda ɗaya ce: a fara duba abu mai sauƙi da arha kafin a zargi mai wuya da tsada.

Za mu yi magana a kan na'ura mai gida biyu, wato wadda sashe ɗaya ke maƙale a bangon ɗaki, ɗaya kuma yana waje. Ita ce aka fi gani a gidaje da shaguna yanzu.

1. YADDA NA'URAR KE AIKI

Ku tuna da randar ƙasa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, yayin bushewar kuma sai ya tafi da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Duk ruwan da ya koma tururi yakan ɗebi zafi daga abin da ke kusa da shi. A kan wannan aka gina na'urar sanyaya ɗaki.

A cikinta akwai wani sinadari da masu gyara ke kira gas, yana zagayawa cikin bututun jan ƙarfe. Tafiyarsa zango huɗu ce:

Na farko, yana shiga sashen cikin ɗaki yana ruwa mai sanyi ƙwarai. Fanka tana jawo iskar ɗaki ta bi ta kan bututun. Sai sinadarin ya sha zafin iskar ya koma tururi, iska ta fito da sanyi.

Na biyu, kwamfuresa tana zuƙo tururin ta matse shi, ya yi zafi fiye da iskar waje.

Na uku, yana bi ta bututun sashen waje, fankar waje ta hura masa iska, ya saki zafin ya koma ruwa.

Na huɗu, yana ratsa wata siririyar hanya, matsinsa ya ragu, ya yi sanyi, ya sake shiga ɗaki.

Ke nan aikin na'urar kwashe zafi ne daga ciki ta zubar a waje. Abu uku take buƙata: wuta mai ƙarfi, iska mai wucewa a ciki da waje, da isasshen gas. Kusan duk matsalar da za ku tarar, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya samu tangarɗa.

AKWATIN KALMOMI
Sashen ciki: gidan da ke cikin ɗaki, mai huro iska mai sanyi.
Sashen waje: gidan da ke bayan ɗaki, mai fitar da zafi.
Kwamfuresa: injin da ke matse gas yana tura shi. Ita ce mafi tsada a na'urar.
Gas: sinadarin da ke ɗaukar zafi daga ɗaki zuwa waje.
Matatar iska: ragar roba da ke bayan murfin sashen ciki, mai tare ƙura.
Kafasita: ƙaramin gwangwani a sashen waje da ke taimaka wa kwamfuresa da fanka su tashi.

2. TSARO KAFIN KOMAI

Kafin ku taɓa na'ura, ku kashe ta da rimot, sannan ku kashe makunnin bango ko bireka. Kada ku taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu. Kada ku kwance murfin wayoyin sashen waje, domin kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe lantarki, kuma jan da za ta yi wa mutum ba wasa ba ne. Kada ku kwance ƙusar bututun gas, domin gas mai fita da ƙarfi yana ƙona fata da tsananin sanyinsa. In sashen waje yana can sama jikin bene, a bar shi ga mai tsani da kayan aiki. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

3. NA'URA TA ƘI TASHI

A bi waɗannan matakai a jere, kada a tsallake:

a. Akwai wuta a gidan? In gidan mai layi uku ne, layin da na'urar ke kai zai iya ɗaukewa alhali sauran suna nan.

b. Bireka ta faɗi? A tayar da ita sau ɗaya. In ta sake faɗuwa, a ƙyale ta. Bireka ba ta faɗuwa a banza, tana kare gidan ne daga gobara.

c. A duba soket da filogi. In sun yi baƙi, ko sun narke, ko ana jin ƙauri, a kira mai gyaran wuta.

d. A duba rimot. A sauya batiri. A wayoyi da yawa, in aka nuna bakin rimot ga kyamara aka danna, za a ga ɗan haske yana ƙyaftawa a fuskar wayar. In rimot ne ya mutu, yawancin na'urori suna da ɗan maɓalli a ƙarƙashin murfin gaba da ake tayar da su da shi.

e. A jira minti uku. Na'urori da yawa ba sa barin kwamfuresa ta tashi nan take bayan an kashe ta ko an ɗauke wuta, sai matsin gas ya daidaita. Wannan jinkiri kariya ce aka gina a ciki.

In sashen ciki yana nuna wani harafi da lamba, ko fitila tana ƙyaftawa, a rubuta abin da aka gani. Ma'anarsa tana cikin littafin da ya zo da na'urar, kuma ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

4. TANA AIKI AMMA BA SANYI

Wannan shi ne kukan da aka fi yi. Ga inda za a duba.

Saitin rimot. Alamar ƙanƙara mai kama da tauraro ita ce sanyi. Alamar fanka iska ce kawai, kwamfuresa ba za ta tashi ba. Alamar ɗigon ruwa rage laima ce. Alamar rana ɗumama ɗaki ce. Lambar da aka saita kuma dole ta kasance ƙasa da zafin ɗakin. Tsakanin 24 da 26 ya wadatar, kuma ya fi sauƙin kuɗin wuta. Saita 16 ba ya gyara na'urar da ta toshe.

Matatar iska. A ɗaga murfin gaba, a zaro ragar, a ɗaga ta wajen haske. In haske ba ya ratsa ta, iska ma ba ta ratsawa. A kakkaɓe ta, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a shanya a inuwa, a mayar bayan ta bushe sarai. Littattafan na'urori da yawa sun ce a wanke ta duk mako biyu. A ƙasarmu, musamman lokacin hazon hunturu, ko kowane mako aka wanke ba a yi asara ba.

Sashen waje. A je a saurara. Fanka tana juyawa? Ana jin gurnanin kwamfuresa? Iskar da ke fitowa tana da zafi? Ya kamata ta yi zafi, domin zafin ɗakin ne take fitarwa. A duba ko ƙura, leda, busasshen ganye ko gashin kaji sun liƙe a siraran ƙarafan bayansa. A kawar da kayan da aka jingina masa. Kejin ƙarfe da ake yi masa saboda ɓarayi ba laifi, muddin iska tana shiga tana fita. Bayan an kashe wuta, ana iya wanke ƙarafan da ruwa a hankali, ba tare da an jiƙa akwatin wayoyi ba.

Ɗakin kansa. Taga a buɗe, ƙofa mai ɓaraka, ko silin da ya huje duk suna shigo da zafi. Girman na'ura ma yana da ruwa a ciki. Mai ƙarfin doki ɗaya ta dace da ɗaki kamar mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi. In aka sa ta a babban falo, za ta yini tana aiki ba a ji ta ba.

MISALI NA 1
Wata mai ɗinki ta ga na'urar shagonta ta rage sanyi. Ta bar ta ta yi aiki minti 15, sannan ta sa ma'aunin zafi a saman sashen ciki, inda iska ke shiga, ya nuna digiri 31. Ta sa shi a bakin da iska ke fitowa, ya nuna 21, amma iskar ba ƙarfi, da ƙyar take motsa labule.

Lissafi: 31 − 21 = 10.

Lafiyayyiyar na'ura takan ba da bambancin kimanin digiri 8 zuwa 12. Ke nan kwamfuresa da gas suna aikinsu, iskar ce ba ta wucewa. Da ta buɗe murfi sai ta tarar da zare da burbushin yadi sun rufe matata. Ta wanke, iska ta dawo. Da a ce ma'aunin ya nuna 31 da 28, bambanci 3 kacal, kuma matata tana da tsabta, to da sai a zargi gas ko kwamfuresa, a kira mai gyara.

5. RUWA DA ƘANƘARA

A shekarar 1902 ne wani injiniya ɗan Amurka, Willis Carrier, ya ƙera na'urar da ake ɗauka a matsayin mafarin iyakwandishan na zamani. Ya yi ta ne domin wata maɗaba'a a Brooklyn, inda laimar iska ke ɓata takarda. Har yau na'urar tana tatse laima daga iska, shi ya sa take fitar da ruwa, kuma ruwan ya fi yawa da damina. Ruwan yana taruwa a wani faranti a sashen ciki, ya bi tiyo ya fita waje.

In ruwa yana ɗiga a bayan ɗaki, lafiya ke nan. In yana zuba cikin ɗaki, a duba tiyon. Zai yiwu ya lanƙwashe, ko bakinsa ya nutse cikin bokiti, ko laka da gansakuka sun toshe shi. Zanzaro ma yakan gina ɗakinsa a bakin tiyo lokacin da aka daɗe ba a kunna na'ura ba. A buɗe bakin, a tabbatar tiyon yana gangarawa ƙasa tun daga ɗaki har waje.

Ƙanƙara a jikin bututu kuwa ba alamar ƙarfin na'ura ba ce. Dalilinta yawanci biyu ne: iska ba ta wucewa, ko gas ya ragu. A kashe sanyi, a bar fanka kaɗai har ƙanƙarar ta narke. Kada a ɓamɓare ta da wuƙa, za a huda bututu. A wanke matata, a sake gwadawa. In ƙanƙara ta dawo, magana ta koma hannun mai gyara.

6. GASKIYAR MAGANAR GAS

Mutane da yawa sun ɗauka gas ɗin na'ura yana ƙarewa da amfani, don haka duk shekara sai a ƙara. Ba haka ba ne. Gas yana zagayawa ne a rufaffen bututu, ba a ƙona shi. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Wanda ya ƙara gas bai toshe yoyo ba, zai sake biya nan gaba kaɗan.

Yoyo ya fi faruwa a mahaɗar bututu, wajen ƙusoshin sashen waje. Alamarsa ita ce maiƙo da ƙura ta manne a kai, domin gas yana fita tare da ɗan man kwamfuresa. Mai gyara yakan shafa kumfar sabulu ya ga inda ke tasowa. Aikin ƙwarai shi ne a gano yoyon, a toshe, a zuƙe iska da laima daga bututu da inji, sannan a zuba gas gwargwadon awon da kamfani ya rubuta.

Gas iri-iri ne, kuma an rubuta irin na kowace na'ura a takardar da ke manne a jikin sashen waje. Tsofaffin na'urori suna amfani da R22, wanda ake janyewa a duniya ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana lalata rufin ozon na sararin sama. Na baya-bayan nan suna amfani da R410A ko R32. Ba a gauraya su, ba a kuma zuba wani a madadin wani. R32 yana iya kama wuta, don haka ba a shan taba ko kunna ashana kusa da inda ake aiki da shi.

MISALI NA 2
Wani magidanci ya kira mai gyara. Ko murfi bai buɗe ba mai gyaran ya ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare, sai an ƙara."

Magidancin ya ce, "To Malam, bara ma an ƙara. Ta ina yake fita? Nuna mini wurin tukuna, a toshe, sannan mu yi cinikin gas."

Aka shafa kumfa, aka tarar da ƙusa ɗaya ta saki. Tambaya ɗaya ta raba shi da biyan kuɗin gas duk shekara.

7. ƘARFIN WUTA DA JANARETA

Yawancin na'urorin gida an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. In wuta ta yi ƙasa sosai, kamar ƙasa da 200, kwamfuresa irin ta da takan yi gurnani, ta yi ƙas ta tsaya, bayan ɗan lokaci ta sake gwadawa. In aka bar ta a haka, ƙonewa za ta yi. Da zarar an ji wannan, a kashe. In kwan fitila ya dushe kuma fankar sama tana jan jiki, wuta ce, maganinta sitabilaiza da ta dace da girman na'urar. In wuta tana da ƙarfi amma gurnanin bai daina ba, a zargi kafasita. Kuɗinta kaɗan ne in aka kwatanta da kwamfuresa, amma mai gyara ne zai sauya ta.

AKWATIN KALMOMI
Bolt: ma'aunin ƙarfin turawar lantarki.
Wat: ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ci.
Sitabilaiza: na'urar da ke daidaita wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama.
Na'ura mai inbata: wadda kwamfuresarta ke tashi a hankali, tana ƙara gudu tana ragewa gwargwadon buƙata.

MISALI NA 3
Wani mai kanti yana da janareta mai ba da wat 2,000. A jikin na'urarsa an rubuta tana cin wat 1,200, kuma ba mai inbata ba ce. Yana ganin ai 2,000 ta fi 1,200, me ya sa janareta ke shaƙewa?

Kwamfuresa irin wannan takan ja ninki uku ko fiye na abin da ta saba ci a daidai lokacin tashi.

Lissafi: 1,200 × 3 = 3,600.

Wat 3,600 ya fi ƙarfin janaretan nesa ba kusa ba. Na'urar lafiyarta lau. Ko dai ya sami babban janareta, ko ya koma mai inbata, wadda ba ta wannan fizga.

8. ƊUMAMA ƊAKI DA HUNTURU

Wasu na'urori suna sanyi suna kuma ɗumi. A cikinsu akwai wata mahaɗa mai juya tafiyar gas, sai na'urar ta riƙa ɗebo zafi daga waje tana zubawa a ɗaki. Suna da amfani a wurare masu sanyi kamar Jos da tsaunin Mambila, da kuma dararen Disamba da Janairu.

In ɗumi ya ƙi zuwa, da farko a tabbatar na'urar tana da wannan aikin, domin rimot zai iya ɗauke da alamar rana alhali na'urar ta sanyi ce kawai. A saita lamba sama da zafin ɗakin. A jira 'yan mintuna, domin fankar ciki takan dakata har bututu ya yi ɗumi. A wannan saiti sashen waje ne ke fitar da ruwa, kuma ba matsala ba ce. In an yi duk wannan iska tana fitowa da sanyi, a kira mai gyara ya duba mahaɗar.

Gargaɗi: kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, kada kuma a kunna janareta a ɗaki, a baranda ko kusa da taga. Dukansu suna fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da nauyin barci. In aka ga haka, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da mutane, a garzaya asibiti.

9. LOKACIN KIRAN MAI GYARA

A kashe na'ura a kira mai gyara in an ji ƙauri ko an ga hayaƙi, in bireka tana ta faɗuwa, in jikin na'ura yana ja, in fankar waje ba ta juyawa, in ƙanƙara ta dawo bayan wanke matata, ko in ana jin ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe. Ɓeraye kan ci waya, tsaka da ƙadangare kuma kan shiga akwatin lantarki su haɗa wuta. Duk wannan aikin mai gyara ne.

In ya zo, a gaya masa yaushe matsalar ta fara, me aka ji, me aka gani, me aka riga aka duba. A nemi ya faɗi kuɗin aiki da na kaya kafin ya fara, ya kuma bar muku tsohon abin da ya cire. Yana da kyau a yi wa na'ura cikakken wanki a ƙarshen hunturu, kafin zafi ya kankama.

TAƘAITAWA

Na'ura tana buƙatar wuta, iska da gas. A duba su a jere: wuta da rimot, sannan matata da sashen waje, gas a ƙarshe. Wanke matata, sauya batiri da buɗe tiyo aikinku ne. Wayoyi, kafasita, gas da kwamfuresa aikin mai gyara ne.

TAMBAYOYIN BITA

1. Ku faɗi abubuwa uku da na'urar sanyaya ɗaki ke buƙata.
2. Mene ne aikin kwamfuresa? Mene ne na kafasita?
3. Me ya sa ake jiran minti uku bayan an dawo da wuta?
4. Iska tana shiga na'ura a digiri 32, tana fita a 29, matata kuma tsaf take. Nawa ne bambancin? Me za ku yi?
5. Gaskiya ko ƙarya: gas yana ƙarewa da amfani. Ku kawo dalili.
6. Ku faɗi dalilai biyu da ke sa ƙanƙara a bututu, da biyu da ke sa ruwa zuba cikin ɗaki.
7. Na'ura marar inbata tana cin wat 900. Janareta mai wat 2,000 zai tayar da ita? Ku nuna lissafi.
8. Me ya sa kwana da garwashi a rufaffen ɗaki ke da haɗari?

AIKIN GIDA

Ku nemi izini ku duba wata na'ura a gida, shago ko masallacin unguwarku. Ku karanta takardar jikinta, ku rubuto irin gas ɗinta, yawan bolt da wat, da halin da matatarta ke ciki. Kada ku buɗe murfin wayoyi. Ku zo da abin da kuka rubuta aji na gaba.